Hattara da masu tallar motocin gwanjon Kwastam

Ina jan hankalin jama'ar Bauchi da kewaye game da wasu shafukan Facebook da rukunonin WhatsApp da ke tallata motoci da sunan gwanjon Hukumar Kwastam. Sukan saka hoton wani mutum sanye da kaki, a bayansa ga motoci jere sun sha ƙura, sannan su rubuta farashin da bai kai rabin na dillalai ba.

Wani maƙwabcinmu, malamin makaranta da ya shafe shekara biyu yana zubin adashe domin ya huta da hawan babur, ya faɗa hannunsu. An nuna masa Corolla, aka ce ya tura naira 50,000 kuɗin fom, nan take aka turo masa takarda mai tambarin hukuma, ɗauke da sunansa da lambar shasi. Washegari aka nemi kuɗin fito da motar daga Legas, sai kuɗin mai. A kwana na huɗu wanda ya ce shi ne direban ya kira cikin ladabi, yana ta “ranka ya daɗe”, ya ce ya iso Jos amma an tsare shi a shingen bincike, sai an ƙaro wani abu. Da aka ƙara, sai wayar ta mutu. Kowane kwabo a asusun wani mutum ya shiga, ba na gwamnati ba, kuma a ganina wannan kaɗai ya isa ya farkar da shi tun ranar farko.

Gwanjon Kwastam na gaskiya yana nan, amma ba haka ake yin sa ba. Tun watan Yulin 2017, zamanin shugabancin Kanar Hameed Ali mai ritaya, ɗan Dass, hukumar ta mayar da shi shafinta na intanet, aka kuma sabunta tsarin a Janairun 2024. Mai bukata shi zai yi rajista da kansa da lambar biyan harajinsa, wato TIN, ya shiga tayi, wanda ya fi tayawa ya ɗauka. Babu jami'in da ke da hurumin ware wa wani mota, kuma wanda ya ci tayi shi ke zuwa ya kwashe kayansa, ba a kawo masa ƙofar gida.

Duk wanda aka turo wa irin wannan takarda, ya kai ta ofishin Kwastam da ke nan Bauchi a duba kafin ya taɓa asusunsa. Wanda kuwa ya riga ya biya, ya sanar da bankinsa ba tare da jinkiri ba, ya adana shaidar tura kuɗin da lambobin wayar, ya kai ƙara ofishin EFCC na Gombe ko wurin 'yan sanda. Maƙwabcin namu ya kai tasa, amma har yanzu a kan babur yake zuwa makaranta.