Wasiƙa daga Birmingham kan batun karɓar allurar ƙari ta rigakafin korona

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, da fatan kuma jikin Hajiya da sauƙi, na rubuto ne domin in amsa tambayar da ka yi mini game da allurar ƙari ta rigakafin korona, wadda ake yi wa mutum bayan ya kammala allurai biyun farko. Ka ce labari ya iso muku cewa Turawa da kansu sun daina yin ta, har wasu suna kafa hujja da hakan cewa tun asali akwai lauje cikin naɗi. Labarin yana da ƙamshin gaskiya, amma fassarar da aka yi masa ba daidai ba ce, kuma tun da maganar ta shafi lafiyar mahaifiyarmu, gara in warware maka yadda abin yake a nan Ingila dalla-dalla.

An fara yi wa jama'a rigakafin korona a ƙasar nan ranar 8 ga Disamba 2020, a garin Coventry da ke maƙwabtaka da mu, sannan aka soma allurar ƙari a watan Satumba 2021 ga masu shekara 50 zuwa sama da ma'aikatan lafiya da masu fama da wata cuta a jika. Da nau'in Omicron ya ɓulla a ƙarshen Nuwamba na wannan shekara, sai aka buɗe ƙofa ga duk wanda ya kai shekara 18, aka kuma rage tazarar da ke tsakanin allura ta biyu da ta ƙari zuwa wata uku. Tun daga lokacin ake ta taƙaita waɗanda gwamnati ke biya wa. A kakar 2023 da ta 2024 an tsaya a kan masu shekara 65 zuwa sama da masu cututtuka irin su ciwon suga da ciwon zuciya, a kakar 2025 kuwa sai aka mayar da ita ga masu shekara 75 zuwa sama, da mazauna gidajen kula da tsofaffi, da waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni ƙwarai, kamar masu shan maganin daji ko waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. Waɗannan mutane har yanzu ana kiransu sau biyu a shekara. Da a ce an gano wata ɓoyayyar illa ce, ai da tsofaffi da raunana za a fara janyewa, ba su ne za a bar wa ita ba. Dalilin da kwamitin masana mai ba gwamnati shawara, wanda ake kira JCVI, ya bayar shi ne cewa kusan kowa a ƙasar ya riga ya samu kariya, ko dai ta hanyar allura ko ta kamuwa da cutar ko duka biyun, saboda haka kuɗin da za a kashe a kan mai ƙarfi a jika ba zai hana kwanciya asibiti da yawa ba.

Abin da ya sa ake maimaita allurar tun farko shi ne kariyarta ba ta dawwama a mataki ɗaya. Ƙarfin da take ba jiki na hana kamuwa da cutar yana raguwa cikin 'yan watanni, wanda take bayarwa na hana cutar yin tsanani ya fi daɗewa, amma shi ma yakan yi sanyi a jikin tsoho da mai raunin garkuwa, ga shi kuma ƙwayar cutar tana sauya kama, shi ya sa ake sabunta haɗin allurar domin ta dace da nau'in da ke yawo. Lamarin ya yi kama da yaɓen soron ƙasa kafin damina: ginin yana nan, amma wanda ya daɗe yana shan ruwa ya fi sabo buƙatar a sake bi ta kansa. Ba kowace rigakafi ce haka ba. Ta zazzaɓin shawara sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a ƙa'idojin tafiye-tafiye tun 2016, ta sanƙarau kuwa da Saudiyya ke wajabta wa alhazai tana da wa'adin shekara uku ko biyar gwargwadon irinta, kuma ban taɓa jin maniyyacin da ya fasa Hajji saboda an ce ya sabunta ta ba.

Ta fuskar hidima, abin da ya fi burge ni a nan shi ne rikodi. Kowane mutum yana da lambarsa ta hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, kuma duk allurar da aka yi masa tana rubuce da ranarta da sunan kamfanin da ya yi ta da lambar rukunin da aka ɗauko ta daga ciki. Idan lokacinka ya yi, saƙo ne zai shigo wayarka, ka zaɓi rana da wuri ta manhaja, yawanci kantin magani na unguwa ko asibitin likitan da ka yi rajista da shi. Kafin a taɓa ka sai an tambaye ka ko kana zazzaɓi, ko kana shan maganin tsinka jini, ko wata allura ta taɓa tayar maka da borin jini. A lokacin da annoba ta yi tsanani har masallatai aka mayar wuraren yin allura, kuma cibiyar Musulunci ta Al-Abbas da ke unguwar Balsall Heath a nan Birmingham ce aka fara yin haka a cikinta a Janairu 2021. Ƙungiyar likitoci Musulmi ta Birtaniya ta yi bayani cewa alluran korona da ake amfani da su ba su ɗauke da wani abu na alade. Inda akwai shi kuwa ba a ɓoyewa: rigakafin mura da ake fesa wa yara a hanci yana da sinadarin da aka samo daga alade, an rubuta hakan ƙarara a takardar neman izinin iyaye, kuma duk wanda bai yarda ba ana yi wa ɗansa na allura a madadinsa. Wannan faɗin gaskiya ya fi kowace irin talla sa mutum ya natsu.

Kada ka ɗauka komai a nan kyauta ne ko kuma komai yana tafiya sumul. Baƙon da ya zo da bizar aiki yana biyan harajin lafiya na fam 1,035 a kowace shekara tun daga Fabrairu 2024, in ban da masu bizar aikin lafiya da kula da tsofaffi, ga kuma harajin da ake cira daga albashi. Ganin likita kan buƙaci ka yi sammakon buga waya da ƙarfe takwas na safe ka shiga layi, kuma jerin masu jiran aikin asibiti a Ingila ya haura miliyan 7. A Kano, mai kuɗi a hannu zai ga likita a ranar da ya so. Haka nan ban ga wani abu a nan da ya kai yadda ma'aikatan rigakafi ke bi gida-gida a wajenmu tare da masu unguwanni da dagatai ba, wanda da shi ne aka kai ga ayyana Najeriya a matsayin wadda ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna a watan Agusta 2020. Inda aka bar mu a baya shi ne ajiya da tabbacin samuwa. Alluran farko kusan miliyan 4 sun iso Abuja ne ranar 2 ga Maris 2021 ta shirin COVAX na raba alluran korona ga ƙasashen duniya, wata uku bayan an fara a nan, kuma a Disamba na wannan shekara sai da hukuma ta lalata fiye da miliyan ɗaya da suka lalace, domin an ba mu su ne wa'adinsu na dab da ƙarewa. A watan ne kuma Birtaniya ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ta hana shigowa daga cikinsu saboda Omicron, kafin ta janye bayan 'yan kwanaki. Duk wanda ya ga waɗannan abubuwa ya ji ransa ya sosu, bai yi laifi ba.

Haka kuma ba zan ce wa mutumin Kano tsoronsa ba shi da tushe ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya haɗa da yara 200, 11 daga cikinsu suka rasu, wasu suka nakasa, kuma sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abin da ya haifar da dakatar da rigakafin shan inna a 2003. Sai dai akwai bambanci tsakanin maganin da aka gwada a kan yara kaɗan a cikin ruɗani da allurar da aka yi wa biliyoyin mutane ana bibiyar sakamakonta a fili. Bibiyar ce ta gano cewa allurar AstraZeneca tana haddasa daskarewar jini ga mutane ƙalilan, har aka daina ba 'yan ƙasa da shekara 40 ita a nan tun Mayu 2021, ita ce kuma ta gano kumburin tsokar zuciya da kan sami wasu samari bayan allurar Pfizer ko Moderna, galibi bayan ta biyu, wanda mafi yawansu suke warkewa. Akwai tsarin da kowa zai iya kai rahoton illar magani da kansa ba sai ta hannun likita ba, kuma doka ta tanadi fam 120,000 ga wanda aka tabbatar rigakafi ya nakasa shi sosai, ko da yake sharuɗɗan samun kuɗin suna da tsauri har iyalai na kuka da su. Abin da akasarin mutane ke ji dai bai wuce ciwon dantse da kasala da ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu ba.

Game da ni kaina, ka san ina da ciwon suga, kuma aikina kula da tsofaffi ne. Muddin ana kirana ina zuwa. Da aka cire irinmu daga jerin kyauta, sai ya zama in ina so in saya a kantin magani, inda a 2025 ta Pfizer ta kai kusan fam 100. A kuɗinmu a lokacin wannan ya doshi naira dubu 200, fiye da ninki biyu na mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70, amma a nan ladan aikin yini ɗaya ne ga mai karɓar mafi ƙarancin lada na shekarar 2025, fam 12.21 a awa. Na auna shi da abin da zan rasa idan na kwanta, domin kuɗin jinya da doka ta tilasta a biya ma'aikaci a lokacin bai kai fam 120 a mako ba, na haɗa da yadda zazzaɓi ke hargitsa mini suga, da kuma tsofaffin da nake ɗagawa ina kwantarwa da hannuna, sai na ga biyan ya fi mini alheri, na biya. Ta mura kuwa har yanzu kyauta ake yi wa masu suga, na karɓa. Maiɗakina lafiyarta ƙalau kuma ba ta kai hamsin ba, saboda haka ba ta saya ba, ban kuma matsa mata ba. Babban ɗanmu ma da yake saurayi ne mai ƙoshin lafiya, likita bai ga dalilin yi masa ba. Gida ɗaya muke, amma hukuncin ya bambanta, domin shekaru da yanayin jiki ne ma'aunin.

Da wannan ma'auni nake duban Hajiya. Ta haura saba'in da biyar, tana da hawan jini, kuma da a nan take da tana cikin waɗanda ake aika wa saƙo sau biyu a shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a shawarar da ta fitar a Maris 2023, ta sa tsofaffi da masu cututtuka a jika a sahun gaba na waɗanda ya kamata a ƙara wa bayan wata shida zuwa goma sha biyu. Na san za a ce korona ba ta yi ɓarna a wajenmu ba, tun da waɗanda aka ƙidaya sun rasu a Najeriya ba su wuce dubu uku da 'yan kai ba, alhali a Birtaniya sun haura dubu 200. Gaskiya ne yawancin al'ummarmu yara ne da matasa, wannan ya taimaka ƙwarai. Amma kai shaida ne a kan dattawan da aka yi ta binnewa a Kano a watan Afrilu 2020, waɗanda daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce bincike ya nuna rabi ko fiye na mace-mace 979 da aka duba suna da alaƙa da cutar. Ra'ayina shi ne ka kai ta wurin likitan da ke duba hawan jininta, ka tafi da katin allurarta na baya, idan ya amince kuma akwai allurar a cibiyar gwamnati, a duba ranar ƙarewar wa'adinta a yi mata. Kada a karɓa daga hannun mai yawo da ita a jaka, domin allurar da ba ta zauna cikin sanyin da aka ƙayyade mata ba ta tashi aiki. Kai kuma da ba ka da wata cuta, ban ga abin gaggawa a kanka ba.

Wanda ya fi tayar mini da hankali ma shi ne na yara. Tun ƙarshen 2022 mashaƙo ke kashe yara a Arewa, Kano ce kuma ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, akasarinsu waɗanda ba a yi wa rigakafi ba ko aka fara ba a kammala ba. A wajenmu ana yi wa jariri allurar da ta haɗa da ta mashaƙo sau uku, a mako na 6 da na 10 da na 14, kyauta. A nan bayan na jarirai ana ƙara wa yaro wata yana ɗan shekara uku da wata huɗu kafin ya shiga makaranta, a sake yi masa wata a makarantar sakandare wajen shekara 14, domin ita ma kariyar mashaƙo tana raguwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya allurar ƙari uku take ba da shawara bayan ukun farko. Ina roƙonka ka sa a fito da katunan yaran gidanmu duka, har da na jikokin Hajiya da ke ƙauye, a duba wanda bai cika uku ba a kai shi cibiyar lafiya mafi kusa, waɗanda suka cika kuma a tambayi ma'aikatan ko akwai ta ƙari da ake yi wa masu shekarunsu. Kuɗin mota da duk abin da za a kashe ina aiko maka da shi a ƙarshen wata. A gaishe mini da Hajiya da kyau, a gaya mata zan kira ta ranar Juma'a in ji abin da likitan ya ce.

Wassalam, ƙaninka.