Lesin ɗin JAMB da na saka 'yata: abin da ya burge ni da abin da bai yi mini ba

Iyaye da dama a unguwarmu sun tambaye ni ko cibiyar lesin da ke bayan masallacin Juma'a ta cancanci kuɗin da take karɓa. Ta cancanta, amma da sharaɗi.

Abin da ya fi komai daraja a wurin shi ne ɗakin kwamfuta. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma yawancin yaranmu waya kaɗai suka iya latsawa. A can, kowace Asabar sai an zaunar da su jarrabawar gwaji irin ta gaske: tambayoyi 180 cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga cikin sauran darussa uku. Sun koya musu amsawa da maɓallan A, B, C, D, su matsa gaba da N, su koma baya da P, ba sai sun yi ta fama da linzamin kwamfuta (mouse) ba. 'Yata ta farko tana son karanta harhaɗa magunguna a Jami'ar Bayero, don haka Physics, Chemistry da Biology ne nata. Da farko lokaci yakan ƙare mata tana tsakiyar Physics. Malamin ya ce ta fara da Biology da ta fi ƙarfi, ta bar Physics mai lissafi zuwa ƙarshe, kuma dabarar ta yi aiki.

Na kuma yaba da gaskiyarsu. Ranar farko mai wurin ya gaya mana ƙiri-ƙiri cewa ba sa harkar satar amsa, wanda ya zo neman wannan ya kama gabansa.

Amma fa ajin ya cika maƙil. Zafin watan Maris ga fanka biyu kacal, in aka ɗauke wuta kuma janareta sai ya ga dama. Malamin Turancin yana yawan makara, alhali Turanci wajibi ne a kan kowa. Na yi musu magana, an ɗan gyara, ba sosai ba.

Abin da ban biya kuɗinsa ba amma na samu shi ne canjin da na gani a yarinyar. Wannan da a da ko aike kanti sai an haɗa ta da ƙaninta, ita da kanta ta tura lambar NIN ɗinta zuwa 55019 ta karɓo lambar da ake fara rajista da ita (profile code). Ita ta lura harafi ɗaya na sunanta ya bambanta tsakanin NIN da takardar WAEC, ta ce, "Baba, in ba a gyara wannan yanzu ba, shi zai hana ni shiga." Ta bi layin gyaran har aka yi. Bayan sallar Asuba yanzu sai in tarar da ita a tsakar gida da littafin tambayoyin baya, tana yi wa kanta maki da jan biro. Har bayanin CAPS, shafin JAMB na ba da gurbin karatu, ita ta yi mini, cewa sai ɗalibi ya shiga ya karɓi gurbin da aka ba shi da kansa. Na zauna ina saurarenta, zuciyata fal da godiya ga Allah.

Wanda zai kai ɗansa ya nemi ajin safe, ya fi sauƙin cunkoso da zafi, kuma ya tambaya tun farko ko kuɗin ya haɗa da gwajin Asabar.