`rm` ko `: >`, wanne ya dace da log ɗin da ya cika faifai?

Malam, tambayarka ta iso. Ga ta a taƙaice saboda waɗanda ba su gani ba: ɗan'uwanmu ne da ke zaune Agege, yana kula da wata 'yar saba mai Ubuntu ta wani shagon waya a Computer Village, Ikeja. Faifanta giga 25 ne, `access.log`, wato log ɗin da Nginx (manhajar da ke riƙe da shafin intanet) ke rubuta ziyarar da aka kawo wa shafin, shi kaɗai ya cinye 18. Ya share shi da `sudo rm` (`sudo` ke ba umarni ikon mai gudanar da saba), ya duba `df -h` mai nuna cikar faifai, har yanzu faifai cike yake maƙil. Wani ya ce masa ai da `> access.log` ya yi. Ya gwada hakan a kan `error.log`, har da `sudo` a gaba, sai aka mayar masa da `Permission denied`. Yana so ya san wanne ne daidai cikin biyun, kuma me ya sa duk suka ƙi shi.

Muddin akwai manhajar da ke rubutu cikin fayil, kwashe cikinsa ake yi a bar shi a wurinsa. `rm` na fayil ɗin da babu mai riƙe da shi ne.

A Linux suna daban, fayil daban. Ainihin fayil ɗin shi ne abin da ake kira inod, sunan da kake gani a `ls` kuwa alama ce kawai da ke nuna shi. Aikin `rm` cire alamar. Kanel, wato zuciyar Linux, ba ya sakin wurin sai sunayen fayil ɗin duk sun ƙare, kuma babu sauran manhajar da ta buɗe shi. Kamar mai gida ne ya goge sunan ɗan haya daga littafi alhali mutumin yana cikin ɗaki da makullinsa: a takarda ɗaki ya fita, a zahiri babu wanda zai iya shiga. Nginx ɗinka yana nan yana ta zuba layuka cikin fayil marar suna. Shi ya sa `du`, mai auna girman fayiloli, zai ce maka wuri ya samu, don shi sunaye yake bi yana ƙirgawa, `df` kuma ya ce bai samu ba, don shi tsarin faifan yake tambaya kai tsaye.

Tunda aikin gama ya gama, ga yadda za ka karɓo gigoginka ba tare da ka kashe sabar ba:

`sudo lsof +L1`

Wannan zai jero fayilolin da ke buɗe amma ba su da suna. Nemi layin `access.log`, za ka ga `(deleted)` a ƙarshensa. Ɗauki lambar PID (lambar manhajar da ke riƙe da fayil ɗin) da lambar FD (lambar da ta buɗe shi da ita). A ce PID 1234 ne, FD kuma `5w`:

`sudo truncate -s 0 /proc/1234/fd/5`

Nan take `df` zai sauka. Ga Nginx ma akwai hanya mafi sauƙi, `sudo nginx -s reopen`, wadda ke sa shi ya saki tsohon ya buɗe sabo. Ko ka bi ta farkon, yi wannan daga baya, in ba haka ba zai ci gaba da rubutu a inda ba ka gani.

Shi kuwa `>` bai taɓa suna ba, bai sauya inod ba. Fayil ɗin yake buɗewa ya mayar da tsawonsa sifili. Mai fayil yana nan yadda yake, izini yana nan, manhajar da ke rubutu ba ta ma san an yi wani abu ba. A Ubuntu log ɗin Nginx na `www-data` ne, rukunin `adm`, izini 640. Wanda ya yi `rm` sannan ya bi da `sudo touch` ya ƙirƙiro fayil mallakin `root` (babban mai iko a sabar) mai izini daban, kuma Nginx ba ya rubutu a cikinsa, domin tsohon inod yake riƙe da shi. Idan kana kallo da `tail -f` a wata taga lokacin da aka kwashe, zai ce `file truncated` ya ci gaba. Bayan `rm` kuwa `tail -f` na maƙale da tsohon, sai `tail -F` ne ke bin suna.

To me ya kawo `Permission denied`? Nan ne gaɓar da in ka kama ta, sauran duk sun zo da sauƙi. Alamar `>` ta shel ce, wato manhajar da ke karɓar abin da ka buga a tamina, umarnin da ka rubuta bai ma san da ita ba. Shel ne ke buɗe fayil ɗin tukuna, da izininka na talaka, kafin ya tayar da `sudo`. Ƙofa ta riga ta ƙi buɗuwa kafin mai makulli ya iso. Haka `sudo : > error.log` zai ƙi, kuma ko da ya wuce wannan matakin, `:`, umarnin da ba ya yin komai, a cikin shel yake zaune, babu wani fayil mai wannan suna da `sudo` zai nemo ya tayar. Waɗanda ke aiki su ne:

`sudo truncate -s 0 /var/log/nginx/error.log`

`sudo sh -c ': > /var/log/nginx/error.log'`

`sudo tee /var/log/nginx/error.log < /dev/null`

A dukkansu ukun, wanda ya buɗe fayil ɗin yana da ikon `root`. Na farkon ya fi tsafta. Wannan dalilin dai shi ke kayar da masu Docker: `sudo truncate -s 0 /var/lib/docker/containers/*/*-json.log` kan ƙi, saboda shel ɗinka ne zai warware tauraron, kuma ba shi da izinin leƙa wannan folda. Sai an cusa layin duka cikin `sudo sh -c '...'`.

Yanzu tsakanin 'yan gida ɗaya, domin hanyoyin kwashewar ba duka suke ɗaya ba.

`> fayil` tsurarsa yana aiki a Bash da Dash. A Zsh kuwa, wanda shi ne shel ɗin asali na macOS tun Catalina a 2019 da Kali tun ƙarshen 2020, idan babu umarni sai ya saka `cat` da kansa. Fayil zai kwashe, amma tamina ta tsaya tana jiran rubutu kamar ta sanƙare, sai ka danna Ctrl+D. `: > fayil` ba shi da wannan matsalar, domin ka ba shi umarni, ko da kuwa umarnin nan ba ya yin komai ban da ya ce an yi nasara. Shi ya sa ya fi dacewa a saba da hannu a kansa.

Sai dai `:` na da wata ɗabi'a a cikin sikirif. A ƙa'idar POSIX, wadda shel-shel ke bi, yana cikin umarnin gida na musamman, kuma idan buɗe fayil ya ci tura a gabansu, shel ɗin da ke tafiyar da sikirif fita yake yi gaba ɗaya. A Ubuntu `/bin/sh` Dash ne tun 2006, don haka sikirif mai `#!/bin/sh` zai mutu a layin `: > fayil` idan babu izini, alhali `true > fayil` zai yi ƙorafi ya wuce layi na gaba. Bash a yanayinsa na yau da kullum wucewa yake yi a duka biyun. Zaɓi wanda kake so da gangan.

`cat /dev/null > fayil` yana aiki, amma `cat` ɗin ɗan rakiya ne, `>` ya gama aikin kafin ya iso. `echo "" > fayil` kuma ba ya kwashewa tas, yana barin bayit ɗaya na sabon layi. Ga log babu laifi, ga sikirif da ke gwada `[ -s fayil ]` akwai, don zai ce fayil ɗin na da kaya.

Idan fayilolin da yawa ne, `truncate -s 0 *.log` ya fi. Bash zai ƙi `: > *.log` da `ambiguous redirect` da zarar tauraron ya kama fiye da ɗaya. Zsh ba ya ƙi, kwashe su yake yi duka, har `: > *` ma yana karɓa. A yi hattara da wannan a kan Kali. Mai tsoron kuskuren yatsa ya sa `set -o noclobber` a `.bashrc`: daga nan `>` ba zai taka fayil ɗin da ke akwai ba sai ka rubuta `>|`. Wannan kariyar ba ta shafi `truncate` ba ko kaɗan.

Akwai wuri ɗaya da kwashewa ke ba mutane mamaki, kuma ya kamata a tsaya a kansa. A ce an tayar da manhaja haka:

`python3 app.py > app.log &`

Log ya kai giga 2, ka kwashe shi, `ls -l` ya nuna sifili. Da manhajar ta sake rubuta layi ɗaya, sai ka ga ya koma giga 2. Ba aljanu ba ne. An buɗe fayil ɗin da `>`, don haka manhajar na riƙe da matsayin da ta tsaya, kuma daga can take ci gaba. Daga farkon fayil zuwa wannan matsayin ya zama rami, bayit sifili zalla waɗanda a tsarin faifai na ext4 ba sa cin wuri. `du -h app.log` zai nuna 'yan kilobayit, wurinka ya dawo da gaske. Amma `grep` zai fara ce maka `binary file matches`, kuma duk abin da ya kwafi fayil ɗin ba tare da sanin ramuka ba zai ja gigar nan biyu cif. Da `>>` aka tayar da ita, kowane rubutu ƙarshen fayil yake zuwa, ko ina ƙarshen yake. Nginx da wannan salon yake buɗe log ɗinsa, shi ya sa naka ba zai yi haka ba. Duk manhajar da za ta daɗe tana aiki, da `>>` ake tayar da ita.

Wani zai ce yana so ya bar layuka 1000 na ƙarshe. Kada ka kuskura ka rubuta `tail -n 1000 access.log > access.log`. Shel zai kwashe fayil ɗin kafin `tail` ya karanta ko harafi ɗaya, ka tashi a tutar babu. Haka `sort f > f`, wanda maganinsa `sort -o f f`. A matsayin `root`, yi haka:

`tail -n 1000 access.log > /dev/shm/k && cat /dev/shm/k > access.log`

`/dev/shm` a RAM yake, don haka yana karɓar rubutu ko faifai ya cika. A mayar da shi da `cat`, kada a yi da `mv`, domin `mv` sabon inod zai ɗora a kan sunan, ka koma gidan jiya. `sed -i` ma sabon fayil yake ƙirƙira.

Duk wannan na log ne na rubutu zalla. Kada ka kai `>` kan wani abu da ke cikin `/var/lib/mysql`, ko fayilolin `/var/log/journal`. Na biyun da umarninsa: `sudo journalctl --vacuum-size=200M`.

Abu na ƙarshe da za ka duba, Malam: a Ubuntu Nginx na zuwa da `/etc/logrotate.d/nginx` mai juya log kullum, don haka giga 18 a fayil ɗaya alama ce juyawar ta tsaya. Gwada `sudo logrotate -d /etc/logrotate.d/nginx`, zai faɗi abin da zai yi da abin da ya hana shi, ba tare da ya taɓa komai ba. Sannan `systemctl status logrotate.timer` ka ga ko agogon na tafiya.