Shagon Haɗa Allon Jirgi a Lokacin Ƙarancin Kaya

Duk wanda ya ɗauki aikin haɗa ƙaramin jirgin sama da hannunsa a Amurka, akwai ranar da zai gama da fukafukai da gangar jiki ya fuskanci allon da ke gaban matuƙi, inda ake jera rediyo da na'urorin nuna tsayi da gudu da alƙibla da lafiyar inji. A wannan gaɓa ce da yawa daga cikinmu muke neman masu sana'a, kuma wannan sharhi a kan ɗaya daga cikinsu ne, wani ƙaramin shago a jihohin tsakiyar ƙasar wanda aikinsa shi ne yanka allon, da sayo na'urori a madadin mai jirgi, da haɗa wayoyi, da gwada komai a kan tebur kafin a aiko masa. Na ba su aikina a shekarar 2021, lokacin da ƙarancin kayan lantarki ya yi tsanani, kuma ra'ayina shi ne sun cancanci a ba su aiki, duk da cewa ba su fi sauran shaguna samun kaya ba. Na sakaya sunansu ne saboda ina da ƙorafi a kansu, kuma ba su nan balle su kare kansu.

Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta yarda mutum ya yi wa jirgin da ya haɗa rajista a rukunin jiragen gwaji, da sharaɗin cewa shi ne ya yi mafi yawan aikin, abin da masu harkar suke kira dokar kashi 51. Hukumar ta halatta a biya wasu su yi aikin na'urorin lantarki da fenti da kujeru, shi ya sa irin waɗannan shaguna suke samun kasuwa. Jirgin da nake haɗawa ɗaya ne daga cikin samfurin RV na kamfanin Van's Aircraft da ke jihar Oregon, wanda fiye da jirage 11,000 nasa suka riga suka tashi. Mutanen Kaduna sun san ɗan gidan ko da ba su san sunan ba, domin jirgin horon nan na sojojin saman Najeriya mai suna Air Beetle, wanda aka harhaɗa a Kaduna, daga samfurin RV-6A aka samo shi. Babbar garaɓasar wannan rukuni ita ce an yarda a sa na'urorin da ba su bi doguwar hanyar tantancewar hukuma ba, irin su G3X Touch na Garmin da SkyView HDX na Dynon, a kan farashin da bai kai na jiragen kasuwa ba.

Ƙarancin bai faro daga harkar jirage ba. Annobar korona ta rufe masana'antu a 2020, a daidai lokacin da mutanen da suke zaune a gida suka yi ta sayen kwamfuta da wayar hannu, sai masu ƙera ƙwayoyin cip, wato 'yan ƙananan ƙwayoyin da ke sarrafa aikin na'urorin lantarki, suka karkata ga waɗannan manyan masu saye. A watan Oktoban 2020 gobara ta cinye masana'antar Asahi Kasei da ke Nobeoka a Japan, wadda take yin ƙwayoyin sarrafa sauti da waɗanda ake sawa a cikin na'urorin daidaita lokaci da GPS ke dogara da su. A Fabrairun 2021 tsananin sanyi ya katse wutar lantarki a jihar Texas har masana'antun Samsung da NXP da Infineon na birnin Austin suka tsaya, a watan Maris kuma wata gobarar ta tashi a masana'antar Renesas ta Naka. Kafin ƙarshen shekarar, jiragen ruwa masu dakon kaya sun yi dogon layi a bakin tashoshin Los Angeles da Long Beach. Idan kamfanonin motoci masu sayen cip miliyoyi sun dakatar da aiki saboda rashi, to ina ga mai ƙera rediyon jirgi wanda abin da yake saye a shekara bai taka kara ya karya ba? Shi ne na ƙarshe a layi. Ƙwaya ɗaya ta 'yan daloli takan riƙe na'urar dubban daloli, kuma canza ta da wata yana nufin sake zanen allon ciki da sake gwaji, musamman ga na'urorin da dole sai da amincewar hukuma, kamar taransfonda mai sanar da hasumiya inda jirgi yake. Ga shi kuma zaman gida ya sa masu odar kayan haɗa jirgi sun ƙaru sosai a wannan lokaci.

Abu na farko da ya sa na amince da shagon shi ne yadda suka faɗi gaskiya game da lokaci. Kafin su karɓi ko sisi, mai shagon ya aiko mini da takarda wadda ta kasa kayan da na zaɓa gida uku: waɗanda suke hannunsu, da waɗanda masu ƙerawa suka sa wa ranar isowa, da waɗanda ba wanda ya sa musu rana. A ƙarƙashin kashi na uku akwai na'urar GPS mai amincewar hukuma wadda ake buƙata domin tashi cikin gajimare, kuma ya gaya mini ƙarara cewa duk wanda ya ba ni rana a kanta yana faɗin abin da bai sani ba ne. Kuɗin aikinsu da na kayan da ke hannu kawai suka karɓa, na sauran kuwa ɗan kafin alƙalami ne wanda aka rubuta cewa za a mayar mini idan na janye. Na san darajar wannan ne domin kafin na same su na riga na biya wani dillali na intanet cikakken kuɗin rediyo da shafinsa ya nuna akwai shi a ajiye, daga baya aka ce mini in yi haƙuri yana kan hanya, kuma sai da na sha wahala kafin kuɗina ya dawo. Abin da ya faru a Disamban 2023 ya ƙara tabbatar da muhimmancin wannan batu ga kowa, lokacin da Van's ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi, aka ba waɗanda suka ajiye kuɗi zaɓin su amince da sabon farashi mai tsada ko su shiga sahun masu bin bashi. Kamfanin ya farfaɗo a 2024, amma tun daga nan masu haɗa jirgi suke tambayar inda kuɗinsu zai zauna kafin kaya su iso.

Abu na biyu, wanda a ganina shi ne ainihin gwanintarsu, shi ne yadda suka tsara allon domin jirgi ya iya tashi da abin da ya samu. Sabon jirgin haɗin gida dole ne ya fara da zangon gwaji, yawanci na sa'o'i 40, ko 25 idan injin da farfelar masu takardar hukuma ne, a cikin yankin da aka keɓe masa, da rana, cikin sararin da ido ke gani. Saboda haka na'urar tashi cikin gajimare ba ta da aikin yi a wannan zango, kuma babu dalilin da zai sa jirgi ya zauna a rumfa yana jiranta. Abin da ba a iya jinkirtawa shi ne tsarin ADS-B, mai watsa matsayin jirgi da GPS ya nuna ga hasumiya da sauran jirage, wanda tun 1 ga Janairun 2020 ya zama dole a kewayen manyan filayen jirage da kuma sama da ƙafa 10,000, kuma filin da nake amfani da shi yana cikin irin wannan kewaye. Sai suka sa ƙaramar na'urar GPS mai sauƙin kuɗi wadda ta cika sharaɗin wannan doka, suka yanka gurbin babbar na'urar daidai da awonta, suka rufe shi da farantin alminiyam mai fenti iri ɗaya da allon.

A bayan allon ne aikin ya fi burge ni. An ɗaure wayoyin da zaren kakin zuma tazara daidai, babu wadda ta haye wata ba dalili, kuma kowace tana ɗauke da lamba a bakinta biyu, an buga ta da inji a kan robar da ake gasawa ta manne. Fulogin na'urar da ba ta iso ba an riga an haɗa shi da dukkan haƙoransa, an sa masa murfi, an naɗe shi a gefe da 'yar takarda mai nuna inda zai shiga. Sun bar rarar waya wadda ta isa a jawo allon waje a yi gyara ba tare da an kwance komai ba, abin da duk wanda ya taɓa kwanciya rigingine a ƙarƙashin allon ƙaramin jirgi da tocila a baki zai gode masa. Ranar da babbar na'urar ta iso, cire farantin da zura ta da saita ta ne kawai suka rage.

Sun kuma san inda ba a sassauci. Akwai lokacin da wata waya mai sulke ta yi wuyar samu, na tambaya ko za a iya amfani da ta mota mai kauri ɗaya, mai shagon ya ƙi, ya bayyana cewa wayar jirgi mai rufin robar Tefzel tana jure zafi, rufin wayar mota kuwa idan ya kama wuta yana fitar da hayaƙi mai guba, kuma matuƙi ba shi da gefen titin da zai tsaya ya buɗe ƙofa. Haka nan ya ƙi sayo kaya daga dillalan bayan fage da suka cika kasuwa a lokacin, saboda ba a san asalin abin da suke sayarwa ba kuma jabu ya yi yawa. Da na kawo shawarar sayen tsohuwar na'urar GPS ta Garmin mai suna GNS 430W ta hannu, wadda mutane da yawa suka koma wa a lokacin, bai hana ni ba, sai dai ya tuna mini cewa asalin samfurin tun 1998 yake, kuma kayan gyaransa ba za su dawwama ba. Maganarsa ta tabbata, domin a 2023 Garmin ya sanar cewa kayan gyaran wannan samfuri suna ƙarewa kuma daga 2024 akwai gyaran da ba zai ƙara yiwuwa ba. Ya kuma hana ni tsintar na'urori daga kamfanoni daban-daban don kawai su ne ake samu, tun da kowane kamfani yana da hanyar da na'urorinsa suke magana da juna, kuma inji mai riƙe sitiyarin jirgi na wannan kamfani sau da yawa ba ya karɓar umarni daga allon wancan. Rediyo da taransfonda kan yi aiki da na wasu, amma ko su wani lokaci sai an rasa damar sarrafa su daga babban allo.

Ƙorafina na farko shi ne rashin amsa saƙo. Da zarar aiki ya shiga layi, sai a yi makonni ba a ji ɗuriyarsu ba, kuma duk da na fahimci cewa ma'aikatan kaɗan ne kuma kowa yana kan tebur, mutumin da ya ba da dubban daloli ya cancanci layi biyu a wata ko da babu sabon labari. Na biyu ya fi nauyi: bayan an sauya tsarin GPS, zanen wayoyin da suka aiko tare da allon na tsohon tsari ne, lambobin wasu wayoyi ba su dace da abin da ke takarda ba, kuma sai da na nema kafin aka aiko da gyararre. Wanda ya haɗa jirginsa yana iya neman takardar shaidar da za ta ba shi damar yi masa binciken shekara-shekara da kansa, kuma wannan zane shi ne zai dogara da shi har tsawon rayuwar jirgin, saboda haka kuskure a cikinsa ba ƙaramin abu ba ne. Na uku shi ne garanti. Wasu kamfanoni suna fara lissafinsa ne daga ranar saye, ke nan na'urar da ta iso da wuri ta zauna tana jiran 'yan uwanta tana cin wa'adinta a cikin kwali, kuma shagon bai ɗauko wannan magana ba sai da na tambaya. Wayar na'urar gane alƙibla, wadda ake sawa nesa da ƙarafa da wayoyin wuta domin kada su ruɗa ta, ita ma ta zo gajeriya, sun canza ta kyauta amma ba da sauri ba.

Game da kuɗi, ladan aikinsu ba mai arha ba ne, kuma farashin na'urorin da ba su iso ba bai tsaya a yadda aka rubuta shi da farko ba, ko da yake sun faɗa tun farko cewa farashin ranar isowa ne za a biya, kuma sun nuna mini takardar ƙarin da aka yi musu. Wanda yake da ilimin lantarki da kayan matse haƙoran fulogi na ƙwarai da wadataccen lokaci zai iya yin wannan aiki da kansa ya rage kashe kuɗi, kuma zai fi sanin jirginsa. Wanda ba shi da waɗannan, kuɗin da ya biya shago irin wannan bai faɗi a banza ba.

Daga 2023 kaya sun fara samuwa fiye da da. A watan Agustan 2022 gwamnatin Amurka ta sa hannu a dokar da ta ware kimanin dala biliyan 52 domin ƙera cip a cikin gida, amma gina masana'anta yana ɗaukar shekaru, kuma mafi yawan hankali yana kan ƙwayoyin zamani, alhali na'urorin ƙananan jirage sun fi dogara da tsofaffin samfura. Don haka ina ganin wanda zai ba da aiki yau ya kamata ya nemi a rubuta masa matsayin kowace na'ura, da sharaɗin mayar da kuɗi, da ranar da garanti zai fara, da alƙawarin cewa zanen ƙarshe zai dace da abin da aka haɗa. Ya kuma sani cewa gwajin da shago ya yi a kan tebur ba ya maye gurbin binciken taransfonda da doka ta wajabta duk wata 24, wanda ake yi bayan an ɗaura allon a jikin jirgi. Shagon da ke nesa ba zai yi masa wannan ba, sai ya nemi wurin gyara mai lasisi kusa da filinsa, kuma gara ya kama layi da wuri domin su ma aiki ya yi musu yawa.