Ƙwayar bromelain ta abarba: ta sauke min kumburi, ba ta ɗauke zafi ba

Masu gyambon ciki irina sun san wahalar da ake sha idan kumburi ya taso. Diclofenac da ibuprofen ake miƙo maka a kemis, su kuwa likita ya hana ni. Shi ya sa da aka cire min haƙorin can ƙurya, kunci ya haye kamar na cusa goro, na tambayi likitan haƙorin ko zan iya gwada bromelain. Ya ce ba laifi, muddin ba na shan maganin tsinka jini.

Bromelain sinadari ne da ake tatsowa daga abarba, yawanci daga karan shukar, kuma aikinsa narkar da furotin. Shi ke sa harshe raɗaɗi idan ka ci ɗanyar abarba da yawa, shi ke laushe nama mai tauri idan aka jiƙa a ruwanta. Tun 1891 wani masanin sinadarai ɗan Venezuela, Vicente Marcano, ya gano shi, a Jamus kuma an daɗe ana ba da shi don kumburin bayan tiyata, musamman ta hanci. Wannan ne ya kwantar min da hankali cewa ba irin maganin da ake talla da lasifika a tasha ba ne.

Robar da na saya an rubuta 500 mg a jikinta, da 2,400 GDU. Lambar ta biyu ita ce ma'aunin ƙarfinsa, kuma ita ya kamata mai saye ya duba, don na ga wata roba mai araha da ba a rubuta ta ba sam. Sai lambar NAFDAC, ita ma a duba.

Inda ya ba ni wuya shi ne lokacin sha. Idan don kumburi ne, ciki ba komai ake so a sha. In ka haɗa da abinci, sai ya tafi aikin narkar da abincin. Ga mai gyambo wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da hantsi nake sha, sai kuma kafin barci, kuma a farko cikina ya riƙa ƙugi, bayan gida ya yi ruwa-ruwa, daga baya ya daidaita.

To, ya yi aiki? Kumburin haƙori dama da kansa yake sacewa, don haka ba zan rantse ba. Amma an taɓa cire min na ɗaya ɓangaren shekarun baya, kuma wancan karon na daɗe ina fama da koko da kunu. Wannan karon baki ya buɗu da wuri, na koma tuwo kafin na zata. Zugi kam bai taɓa shi ba, sai da na haɗa da farasitamol.

Ga tsada, tunda daga waje ake shigo da shi. Kada kuma a ce abarbar gwangwani ko lemon kwali za su maye gurbinsa, domin zafin da ake dafa su da shi yana kashe sinadarin.

Don kumburi na ɗan lokaci zan sake saye. Gwaggona ta nemi ragowar saboda ciwon gwiwa, na hana ta, domin kullum tana shan asfirin, haɗin kuma yana iya jawo zubar jini. Mai shan maganin tsinka jini irin warfarin da mai juna biyu su ma su fara tambayar likita.