Aikin fatar ido da aka yi wa Innarmu a nan Sakkwato

Kusan shekara 3 Inna na fama da wanga abu, fatar saman idonta ta saki ta sauko har tana kwanciya bisa gashin ido, in za ta yi karatun Alƙur'ani sai ta sa yatsa ta tallabe gira, kafin la'asar goshi ya ɗau ciwo don wuni take tana ɗage shi. Mayukan da ake talla a WhatsApp wai suna ɗame fata babu wanda ba mu saya ba, wallahi asarar kuɗi ce kawai, fatar da ta riga ta saki mai ba ya maido ta.

Wani asibitin ido mai zaman kansa muka kai ta. Abin da ya fara burge ni likitan bai yi gaggawar cewa a yanka ba, sai da ya auna yadda idon ke buɗewa, ya ɗaga fatar da filasta ya ce Hajiya duba sama, ta ce ikon Allah ashe akwai fanka a ɗakin nan. Ya ce matsalar iri biyu ce kuma mutane na haɗa su: akwai wadda fata ce ta yi yawa sai a rage ta, wani lokaci har da ɗan kitse, akwai kuma wadda naman da ke ɗaga murfin ido ne ya yi sanyi, shi wannan ɗaure shi ake, in aka rage fata kaɗai ido na nan a lumshe. Ta Inna fata ce. Na tambaye shi allurar Botox, wadda ake yi a fuska don rage tamoji, ya ce gira take ɗagawa kaɗan kuma wata 3 zuwa 4 ta sake, ga mai irin matsalar Inna ba ta da amfani.

Ita damuwarta ɗaya, kada ya zama canza halitta. Sai da Baba ya tambayi malaminsu aka ce gusar da cuta ne tunda yana tare mata gani, sannan ta yarda.

Ba a sa ta barci ba, allurar kashe zafi aka yi a wurin, likitan ya zana layi da alƙalamin maka daidai kan lanƙwasar ido ya yanka ta nan, cikin awa ɗaya da 'yan mintuna ta fito da ƙafarta. Kafin ranar sai da aka daidaita hawan jininta, asfirin ɗin da take sha ma likitanta ya dakatar.

Inda ban ji daɗinsu ba shi ne bayan aiki. Babu wanda ya zaunar da mu ya ce ga yadda fuska za ta koma, washegari ido ya kumbura ya yi baƙi ƙirin, ƙanwata ta fashe da kuka, na yi ta kiran lambar da suka ba mu ba a ɗauka sai bayan azahar. Ashe kumburin dole ne, ƙanƙara a tsumma mai tsabta da ɗaga kai bisa filo biyu ne maganinsa. Maganar sujada ma ni na tambaya da kaina, aka ce ta yi sallah a zaune na 'yan kwanaki, kwalli kuma ta haƙura mako 2. Ai wannan takarda ɗaya ta isa a rubuta a ba mutum.

Kuma kuskurenmu, lokacin hunturu muka yi, ƙurar Sakkwato ta sa idon bushewa da ƙaiƙayi sai da ɗigon magani da baƙin gilashi. An cire zare kwana 7, yanzu wata 4 tabon ya ɓuya cikin lanƙwasa sai ka matso sosai, ido na rufuwa ruf in tana barci, don na sha leƙawa in tabbatar. Kuɗin da yawa gaskiya, mu huɗu muka haɗa. Goggo Ladi ma ta ce a kai ta, na ce ta bari damina ta sauka tukun.