Gareji ko wurin fakin a gidajen kansul na Ingila: wa ke yanka kuɗin, wanne ya fi?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce kana zaune a gidan kansul, wato gidan haya na ƙaramar hukuma, a nan Ingila, wasiƙar ƙarin haya ta iso, kuɗin gida ya ɗan matsa amma na gareji ya yi tsallen da ya ba ka tsoro. Kana son sanin ko doka ta yarda da haka, kuma ko gara ka mayar da makullin garejin ka karɓi wurin fakin a harabar unguwa. Ga 'yan'uwa da ke karantawa daga gida, garejin da ake nufi ba na bakanike ba ne, ɗan ɗaki ne mai ƙofar ƙarfe da ake kulle mota a ciki, galibi a jere a bayan gidaje.

Doka ta yarda, sai dai haƙuri. Hayar gidanka tana da linzami a hannun gwamnatin tsakiya. Daga Afrilun 2016 an tilasta wa kansul-kansul rage haya da kashi 1 cikin 100 duk shekara, har shekara huɗu. Daga 2020 aka koma kan ƙa'idar hauhawar farashin watan Satumba a ɗora kashi 1. Da farashi ya haukace, lissafin ya kai kashi 11.1, sai gwamnati ta tsayar da ƙarin 2023 a kashi 7. A 2024 iyakar ta zama 7.7, a 2025 kuma 2.7. Duk wannan kariya ta ɗakin kwana ce. Garejin da ka karɓa da takarda ta daban, da wurin fakin, babu ko ɗaya da ya shiga ƙarƙashinta. Kansilolin yankinku ne ke zama su yanka, yawanci tsakanin Janairu da Fabrairu lokacin kasafin kuɗi, sabon farashin ya fara aiki farkon Afrilu.

To da me suke auna kowanne? Gareji gini ne, yana cin kuɗi: rufi, ƙofa, makulli, magudanar ruwa. Akasarinsu an gina su ne daga shekarun 1950 zuwa 1970, da yawa rufinsu na siminti mai asbestos ne, wanda cire shi sai ƙwararru kuma da tsada. Bayan kuɗin gyara, kansul na duba abin da maƙwabtan ƙananan hukumomi ke karɓa, da na 'yan kasuwa masu ba da hayar ɗakunan ajiya, da tsawon layin masu jira. Shi ya sa wasu ke raba gari shiyya-shiyya, garejin da ke kusa da tashar jirgin ƙasa ya fi na bayan gari tsada ko da girmansu ɗaya. Shi kuwa wurin fakin kwalta ce da fenti, wani lokaci da ɗan turken ƙarfe mai kwado da kake kwantarwa in ka zo. Abin da ke cin kuɗi a wajensa masu sintiri ne da takardu, don haka kusan ko'ina ya fi gareji araha nesa ba kusa ba.

Amma ka bambance iri biyu kafin ka sa hannu. Akwai gurbi mai lamba, naka kai kaɗai, ana biya mako-mako kamar gareji. Akwai kuma famit na shekara, wanda izinin neman wuri ne kawai a cikin unguwa. In ka taso daga aiki ƙarfe goma sha ɗaya na dare ka tarar an cika, famit ɗin ba zai buɗe maka wuri ba.

Sai harajin VAT, kuma a nan kai ne da riba. Wanda ke haya a gidan kansul, ya karɓi gareji ko gurbi kusa da gidan daga hannun kansul ɗin, ba a ɗora masa VAT, domin ana ɗaukar abin a matsayin jelar hayar gida. Wanda ba ɗan hayarsu ba yana biyan ƙarin kashi 20. A misali kawai, in gareji fam 15 ne a mako, kai fam 780 za ka biya a makonni 52, maƙwabcinka mai gidan kansa fam 936. Duba takardarka da kyau, musamman in ka karɓi garejin tun kafin a ba ka gida, kada a ci gaba da cire maka harajin da ya riga ya sauka daga kanka.

Abin da ya fi damuna da garejin shi ne girmansa. An auna su ne da motocin wancan zamani. Mini ta 1959 faɗinta bai wuce mita 1.4 ba sai da ɗan kaɗan, motar iyali ta yau kuwa tana kai 1.8 ba a ma lissafa madubai ba, alhali bakin ƙofar tsohon gareji kusan mita 2.1 ne. Na tsaya wa wani maƙwabcina yana shigar da tasa, ina ɗaga masa hannu, ya lanƙwashe madubai ya shiga lafiya. Da ya zo fita, ƙofar motar ta buɗu kamar tafin hannu ta daki bango. Sai da ya sake fitowa da baya ya bar ta a titi. Wata uku ya yi yana biyan haya kafin ya mayar da makulli.

Shi ya sa in ka ɗaga ƙofofin nan, kaya za ka fi gani. Mu ma mun san namu: jakunkunan Ghana-must-go cike da tufafi da takalman yara ana jiran kwantenar da za ta tafi gida, keken ɗinki, katifar baƙi. Wasu kansul sun yarda da ajiyar kaya, wasu sun ce mota kawai, kuma kusan duk sun hana fetur da tukunyar gas da yin sana'a a ciki. Kayanka kuma ba sa ƙarƙashin inshorarsu. Sanyin ƙasar nan da danshinta ba sa raga wa atamfa. Na taɓa buɗe jaka bayan hunturu ɗaya na tarar shaddoji sun yi fumfuna, rufin yana ɗiga ta kusurwa ban sani ba.

Inda suka yi kunnen doki: duka biyun lasisi ne na mako-mako, ba irin hayar gidanka mai ƙarfin dokar gidaje ta 1985 ba. Da ɗan gajeren notis za a iya karɓewa, kuma ana yi, don kansul da dama na rushe jerin garejin da suka zama kufai su gina gidaje a filin. Tallafin haya na gwamnati ma ba ya biyan garejin da aka karɓa daban, daga aljihunka ne.

Raunin wurin fakin shi ne ɗan kutse. Tun Oktoban 2012 doka ta hana sa wa mota mari a filin da ba titin gwamnati ba, don haka a unguwar da ba a kafa dokar cin tara ba, wani zai iya kwana a gurbinka ka rasa mai share maka hawaye. Nemi mai turken ƙarfe.

Ni a ganina, in mota ce damuwarka kuma ba ƙarama ba ce, saki garejin ka karɓi gurbi mai lamba. In babur ne da kai, ko kayan aiki masu tsada da ɓarayi ke bi, garejin ya ci kuɗinsa, wasu kamfanonin inshora ma kan rage wa abin hawan da ke kwana a kulle. In akwai mai lalurar nakasa a gidan da ke da Blue Badge, wato katin fakin na masu nakasa, tambayi rangwame, wurare da yawa suna yi.

Abin da ba na yarda da shi shi ne a yi ƙarin bai-ɗaya a kan garejin da aka gyara da wanda ƙofarsa ta yi tsatsa. Dokar 1989 ta killace asusun gidaje, kuɗin da ya shiga ciki hidimar gidaje zai yi. Amma wasu kansul sun mayar da garejinsu babban asusu, inda kuɗinka zai iya tafiya wata hidimar dabam. Rahoton ƙarin haya ana wallafa shi kafin zaman kansilolin, kowa na iya karantawa. Nemo shi ka ga asusun da garejinku yake da abin da aka ware na gyara, ka ɗauki hoton rufin da ƙofar, ka tura wa kansilan mazaɓarku tun cikin Disamba. Kafin nan kuma ɗauko tef ɗin awo ka gwada faɗin motarka har da madubai.